ME YA SA WAYOYIN YANZU BA SA GYARUWA KAMAR NA DA? TARIHIN GYARAN WAYA DA KWAMFUTA, DAGA BOƊINGA ZUWA SHAGARI



Yau ba darasin "shiga nan, danna can" za mu yi ba. Tarihi za mu ɗan taɓa, saboda wata tambaya da kusan duk mai riƙe da waya ya taɓa yi wa kansa: me ya sa Nokia ta da za ta shekara biyar a hannun mutum, ta faɗi ƙasa ta rabu gida uku, ya tsince ya harhaɗa ta ci gaba da aiki, amma wayar yanzu da ta fi ta tsada nesa ba kusa ba, batir kawai zai kumbura sai ka ji mai gyara ya ce "wannan sai dai a kai Sakkwato"?

Amsar a taƙaice ita ce, kamfani ne ke yanke wa na'ura tsawon kwananta tun tana kan takardar zane, kai kuma ka sa hannu a kan hukuncin ranar da ka biya kuɗi. Akwai lokacin da buɗe na'ura a gyara ta shi ne abin da aka saba. A hankali aka riƙa rufe ƙofar, yanzu kuma wasu ƙasashe sun fara tilasta a sake buɗe ta. Ga yadda abin ya faru.

ME YA SA BOƊINGA DA SHAGARI?

In ka fita daga birnin Sakkwato ka ɗauki hanyar Tambuwal da Jega, Boɗinga za ka fara tararwa, can gaba kuma ka isa Shagari. Garuruwa ne irin na yawancinmu: akwai sabis, akwai masu POS, akwai shagunan caji da masu gyaran waya, amma manyan cibiyoyin gyara na kamfanoni suna can cikin birane.

To duba tafiyar da sikirin ɗaya ke yi kafin ya iso wayarka. Mai gyara na gari zai duba, in ba shi da kayan sai ya aika Sakkwato. In babu a Sakkwato sai a kira Kano, kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut. Su ma daga Computer Village da ke Ikeja a Legas suke ɗaukowa, ko kai tsaye daga kasuwar Huaqiangbei da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Kowane zango da kuɗin motarsa, da ribar mai shago, da kwanakin jira.

Ga shi kuma waya ta tashi daga abin gaisawa kawai. Tun daga Disambar 2020 da aka wajabta haɗa layi da lambar NIN, da kuma farkon 2023 da aka yi ƙarancin takardun naira, wayar manomin albasa ko dillalin dabbobi ta zama bankinsa, ta zama littafin bashinsa. In ta mutu kwana huɗu, cinikin kwana huɗu ne ya tsaya.

Sai kuma yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa ana son a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35. Babban abokin gabar batirin litiyam shi ne zafi, musamman in ana caji a cikinsa. Lokacin hunturu kuma ƙura ta cika bakin caji da fankar kwamfuta. Ke nan batirin da zai daɗe a Landan ba lallai ya kai rabin haka a Shagari ba. Shi ya sa maganar ko batir na ciruwa ko ba ya ciruwa ta fi shafarmu a kan waɗanda suka ƙera wayar.

KAFIN ZUWAN WAYA

Gyara ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 kafin ya koma Sakkwato, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana zaune a Boɗinga. An yi rubuce-rubuce da kwafen littattafai masu yawa a wannan zamani, a lokacin da takarda ke da matuƙar tsada, don ta hamada ake kawo ta a bayan raƙuma.

Abin lura shi ne yadda ake haɗa littafin. Ba a ɗinke shi. Warƙoƙi ne sake, a jera su a sa cikin bango na fata, a jefa a gafaka. A ƙasan warƙa akan rubuta kalmar da za ta fara shafi na gaba, don in sun hargitse a iya mayar da kowace wurinta. In gara ta ci warƙa ɗaya ko ruwa ya ɓata ta, ita kaɗai za a sake kwafa a mayar. Wannan tunani, wato a yi abu gunduwa-gunduwa yadda ɓarnar sashe ɗaya ba za ta kashe duka ba, shi ne dai abin da injiniyoyin kwamfuta ke gardama a kansa har gobe.

1981: SHEKARAR DA AKA BAR ƘOFA A BUƊE

Daga 1 ga Oktoba 1979 zuwa 31 ga Disamba 1983, ɗan garin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, shi ne shugaban Najeriya. A cikin wannan wa'adi abubuwa biyu suka faru da suka shafi labarinmu, ɗaya a gida ɗaya a Amurka.

Na gida: farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, kuɗin waje ya yi ƙaranci, a watan Afrilun 1982 gwamnati ta kawo dokar tsuke bakin aljihu da ta taƙaita shigo da kaya. Sabon abu ya yi wuyar samu, sai darajar mai gyara ta ƙaru. Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, keke Rali, rediyon da ake kama BBC Hausa da Rima Radio, duk sai aka riƙa jan ransu shekara da shekaru. Abin ya yiwu ne saboda kayan suna buɗuwa. Rediyo sukurori huɗu ne ko biyar a bayansa, mai gyara ya kwance, ya gano abin da ya ƙone, ya ɗumama ƙarfen dalma ko da a garwashi ne, ya cire ya sa wani.

Na Amurka kuwa: ranar 12 ga Agusta 1981 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta kan tebur mai lamba 5150, a kan dala 1,565, da RAM da bai wuce kilobayit 16 ba. Ƙungiyar da ta ƙera ta ƙarƙashin Don Estridge shekara guda aka ba ta. Saboda ƙurewar lokaci ba su tsaya ƙera komai da kansu ba: masarrafi suka saya daga Intel, babbar manhaja daga Microsoft. Suka bar ramuka biyar a kan babban allon don a riƙa ƙara kati, suka kuma buga littafi mai ɗauke da zanen wayoyin ciki, duk mai so ya saya.

Sakamakon bai yi wa IBM daɗi ba, amma ya yi wa duniya. A 1983 Compaq ya fito da kwamfutar da ke aiki da manhajojin IBM, wasu kamfanoni suka biyo baya, farashi ya sauka. A 1987 IBM ya yi ƙoƙarin janye abin da ya saki, ya fito da samfurin PS/2 mai sabon tsarin ramuka da sai an biya shi kafin a yi amfani da shi. Kasuwa ta juya masa baya. Daga nan aka ci gaba da ma'auni ɗaya da kowa ke bi, kamar tsarin ATX na 1995 da USB na 1996.

Wannan ne dalilin da ya sa kwamfutocin bizines senta da kafe na shekarun 2000 suka daɗe. Allo na wani kamfani, RAM na wani, akwati na wani, yaro a Ikeja ko Kano ya harhaɗa maka a zama ɗaya. In tukunyar wutarta ta ƙone a canza ita kaɗai. Da irin wannan tsari ne kamfanonin gida kamar Zinox, da aka kafa a 2001, suka samu damar harhaɗa kwamfuta a Najeriya.

Amma tun a lokacin akwai ɗaya makarantar. Apple II ta 1977 tana da ramuka takwas, kuma Steve Wozniak ya sha ba da labarin cewa shi ya dage a kan haka, Steve Jobs biyu kacal yake so. Da Jobs ya samu yadda yake so a Macintosh ta 1984, sai ta fito babu ramin ƙari ko ɗaya, an liƙe RAM da dalma, akwatin kuma ba ya buɗuwa sai da wani dogon sukundireba na musamman. Ka riƙe wannan, don wannan makarantar ce ta yi rinjaye a zamanin waya.

ZAMANIN NOKIA DA BATIRI A ALJIHU

A Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM, dala miliyan 285 kowane ɗaya. A Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki, ana kira naira 50 a minti. Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa. A shekarun da suka biyo baya turakun sabis suka riƙa fita daga manyan birane suna bin hanyoyi har suka iso garuruwa irin su Boɗinga, Yabo da Shagari.

Wayoyin wannan zamani su ne Nokia 3310 ta shekarar 2000, da Nokia 1100 mai tocila ta 2003, wadda aka sayar da sama da miliyan 250 a duniya. Murfi da farce ake ɓalle shi. Madannai roba ce da ake ɗagawa a sa sabuwa. Gida in ya tsufa a saya sabo a kasuwa.

Babban sirrin shi ne batir. Batiri samfurin BL-5C yana shiga wayoyin Nokia iri-iri, har ƙananan rediyo da sifikun Sin suka kwaikwayi girmansa. A garin da wutar NEPA ba ta da tabbas, wannan ya haifar da sana'a sukutum. Mutum yana da batir biyu, ɗaya a waya ɗaya a shagon caji. Mai shago ya rubuta suna a jiki, ya maƙala a cajar nan mai ɗan matsi, janareta na aiki. Da yamma ka zo ka musanya, wayarka ba ta kwana a hannun kowa ba.

Daga baya wayoyin Sin suka shigo. Kamfanin Transsion, mai Tecno da itel da Infinix, an kafa shi a 2006, a 2008 ya mai da hankalinsa kan Afirka. Ya lura mutanenmu na yawo da waya biyu saboda sabis, sai ya kawo mai layi biyu da babban batir. A 2009 ya buɗe sashen gyaransa mai suna Carlcare. Da yake yawancin wayoyin nan masarrafan MediaTek suke amfani da su, manhajar filashin da kayan gyaransu suka yaɗu ko'ina. Matasa da yawa a wannan lokaci suka koyi gyara a gaban oga, suka dawo garuruwansu suka kafa tebur.

YADDA AKA RUFE MURFIN

A 2007 iPhone ta farko ta fito da batirin da ba a cirewa. Mutane da yawa sun ɗauka abin ba zai karɓu ba, sai ga shi ta yi kasuwa. A 2011 Apple ya fara sa wa iPhone 4 sukurori masu kai kamar fure mai kunne biyar, waɗanda sukundireban da aka saba ba ya kama su.

Samsung ya ɗan jima bai bi ba. Galaxy S5 ta 2014 murfinta na buɗuwa, batir na fita, tana ɗaukar mimori. Galaxy S6 ta 2015 kuwa gilashi gaba da baya, an liƙe da gam, ba a cire batir, babu ramin mimori. Cikin 'yan shekaru kusan kowa ya bi sahu, har da wayoyi masu araha da muka fi saye.

Sai mu yi wa kamfanonin adalci, suna da hujjoji. Batirin da ba shi da ƙaƙƙarfan gida ya fi sirantaka, ana iya cusa babba a ƙaramin wuri. Gam yana taimakawa wajen hana ruwa da ƙura shiga. Jabun batir kuma yana iya kamawa da wuta. Sai dai ita S5 ɗin tana da shaidar IP67 ta jure ruwa da ƙura alhali murfinta na buɗuwa, wanda ya nuna ana iya haɗa biyun in an so. A 2016 kuma da batiran Galaxy Note 7 suka riƙa kamawa da wuta, Samsung sai da ya janye wayoyi kusan miliyan 2.5 a karon farko, daga baya ya soke samfurin baki ɗaya. Da batirin na fita ne, aika wa mutane sabon batir zai iya rage asarar.

A teburin mai gyara canjin ya fito fili. Aikin da a da farce ke yi, yanzu sai an hura iska mai zafi a narkar da gam, a bi da siririyar leda a hankali. Gilashi da taci da sikirin an manne su wuri guda, fashewar ɗaya ta zama canjin duka. A wayoyi masu sikirin AMOLED, musamman masu karanta zanen yatsa a ƙarƙashin gilashi, kuɗin sikirin orijina kan cinye kaso mai tsoka na kuɗin wayar, shi ya sa ake komawa kwafi, haske ya ragu, wani lokacin zanen yatsa ya daina aiki. Ramuwa kuma ba ta yiwuwa: RAM da ma'ajiyar waya a liƙe suke a kan panel tun daga masana'anta.

A nan ne ya kamata a fahimci rubutun nan na jikin kwali, irin "8GB" da in ka duba ƙasa ka ga 4+4. Tecno na kiransa Memory Fusion, Samsung na kiransa RAM Plus. Wayar na aro wani yanki ne na ma'ajiyarta ta yi amfani da shi kamar RAM, kuma ma'ajiya ba ta kai RAM na gaskiya sauri ba. Lamba ta farko ita ce abin da ka saya, da ita za ka zauna har wayar ta tsufa.

KULLEN DA BA A GANI DA IDO

Bayan gam da sukuru, sai aka zo da kulle na manhaja, kuma kala uku ne.

Na farko shi ne daina tallafi. Masu BlackBerry sun ga wannan: a ƙarshen 2017 WhatsApp ya daina aiki a kanta, a Mayun 2019 kuma aka rufe BBM. Wayar lafiyarta ƙalau, amma ta zama ta kira kawai. Haka ke faruwa yau idan manhajar banki ta ce Android ɗinka ta tsufa.

Na biyu shi ne ɗaura wa kayan gyara lamba. Kamfani zai haɗa lambar batir ko sikirin da ta panel, in an sa wani sai wayar ta gane. A 2016 wasu iPhone da aka canza wa maɓallin gaba a wajen masu gyara na kasuwa suka mutu da saƙon "Error 53", sai da aka yi ca kafin Apple ya gyara. A 2021 an gano canza sikirin ɗin iPhone 13 na kashe Face ID, shi ma daga baya aka janye. A Disambar 2017 kuma Apple ya amsa cewa yana rage saurin wayoyin da batirinsu ya tsufa, ya ce don kada su riƙa mutuwa ba zato. Ya rage kuɗin canza batir daga dala 79 zuwa 29 na wani lokaci, Faransa kuma ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020 saboda bai sanar da masu saye ba.

Na uku shi ne kullen hana sata: na iCloud da ya zo a 2013, da na asusun Google da ya zo da Android 5.1 a 2015. Manufarsu mai kyau ce, amma duk wanda ya sayi waya ta hannu ba a cire asusun mai ita na farko ba, ya sayi matsala.

KWAMFUTA FA?

Ta kan tebur har yau tana nan a buɗe kamar yadda 1981 ta bar ta. Laftop ce ta rabu gida biyu. A 2012 MacBook Pro mai sikirin Retina ta fito da RAM a liƙe da batir a manne, har shafin iFixit, da wasu ɗalibai biyu suka kafa a Kalifoniya a 2003 don koyar da gyara kyauta, ya ba ta maki 1 cikin 10. Siraran laftop da yawa suka bi wannan hanya.

Amma tsofaffin laftop na ofis da ake kawo mana na hannu, irin su HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, yawancinsu an ƙera su ne don ma'aikatan kamfani su riƙa gyarawa. Ka cire tsohon rumbu mai juyawa da ke karanta kusan megabayit 100 a daƙiƙa, ka sa SSD mai kusan 500, ka ƙara RAM daga 4GB zuwa 8GB, sai ka rantse wata sabuwa aka kawo. Tun da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ɗalibai da yawa da irin waɗannan suka koyi danna madannai. Akasin haka, ƙaramar sabuwar laftop mai sheƙi da ma'ajiyar eMMC ta 32GB ko 64GB a liƙe, yadda ka saye ta haka za ta ƙare. Araha ba ta ado.

Ita ma kwamfuta kullen manhaja ya iso ta. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da masarrafin Intel ƙarni na 8 zuwa sama. Miliyoyin kwamfutoci masu lafiya sun faɗo ƙasan wannan layi, kuma sanin kowa ne irin kasuwannin da ake juye kayan da Turai da Amurka suka gama da su.

DOKA TA FARA JUYA AKALAR

Masu gyara da masu kare muhalli sun daɗe suna ƙorafi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata.

A Janairun 2021 Faransa ta wajabta a riƙa rubuta makin gyaruwa daga cikin 10 kusa da farashin waya da laftop. Jihar New York ta sa hannu kan dokar 'yancin gyara a Disambar 2022, Oregon kuma a 2024 ta taka wa ɗaura lamba a kayan gyara birki. Tarayyar Turai ta tilasta bakin caji na USB-C daga 28 ga Disamba 2024. Daga 20 ga Yuni 2025 kuma duk sabuwar wayar da za a sayar a can dole a samar da kayan gyaranta na shekara 7 bayan an daina sayar da ita, da sabunta manhaja na aƙalla shekara 5, batir kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Kamfanoni irin su Fairphone na Holan da Framework na Amurka sun nuna ana iya ƙera waya da laftop na zamani da sukundireba ɗaya ke kwancewa. Google da Samsung kuma sun yi alkawarin sabuntawa na shekara 7 daga Pixel 8 da Galaxy S24.

Waɗannan dokoki kayan da ake sayarwa a can suka shafa. Amma inuwarsu na isowa nan, don kamfani ba ya son ƙera samfuri biyu. Misali, iPhone 15 ta 2023 da USB-C ta fito a duk duniya, cajar Tecno ta shiga iPhone. A gida kuma akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, da NCC mai tantance wayoyin da ake shigowa da su. Su ne ƙofofin da ya dace a ƙwanƙwasa in ana son a wajabta samar da kayan gyara na gaskiya a nan.

ABIN DA ZA KA DUBA KAFIN KA BIYA

Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Kamar dai 1982, sabo ya yi tsada, gyara ya dawo da darajarsa. Don haka:

1. Je wurin mai gyara kafin ka je wurin mai sayarwa. Tambaye shi: sikirin da batir da bakin cajin wannan samfuri ana samunsu a Sakkwato? Nawa ne? Wayar da kowa ke riƙe da ita ta fi baƙuwar waya saurin samun kaya.

2. Duba RAM na gaskiya, ka bar na aro. Duba ko tana da ramin mimori, da shekarun sabuntawa da kamfanin ya yi alkawari.

3. In ta hannu ce, a cire asusun Google ko iCloud a gabanka, a goge ta, ka shiga da naka kafin kuɗi ya fita. A iPhone shiga Settings, General, About, za ka ga ko an taɓa canza mata kaya.

4. In laftop ce, buɗe Task Manager, Performance, Memory, ka duba Slots used. In ta nuna 1 of 2, akwai wurin ƙari. Duba lambar masarrafi: i5-8250U ƙarni na 8 ne, i5-6300U na 6 ne. In ƙasa da 8 ce kada a sayar maka da tsadar ta sama. Irin wannan tana iya ci gaba da aiki lafiya da Linux Mint ko ChromeOS Flex.

5. Kada ka yi caji a rana, ko a kan gaban mota, ko ƙarƙashin matashi. In ka ga bayan waya ya ɗago, batir ne ya kumbura: daina caji, kada ka danna shi, kai ta a canza.

6. Kafin ka miƙa waya gyara, adana bayananka, cire layi da mimori, fita daga manhajar banki. Bayan aiki ka nemi a nuna maka tsohon kayan da aka cire.

Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Matashin da ke zaune da tebur da injin hura zafi a bakin tashar Boɗinga ko kasuwar Shagari, aikin da mai gyaran rediyo ya yi a 1982 yake yi, sai dai shi an liƙe masa kayan da gam kuma an ɓoye masa zanen. Iya abin da zai yi maka ya dogara ne da wayar da ka zaɓa ranar saye.

A darasi na gaba za mu nuna mataki-mataki yadda ake sa wa tsohuwar laftop SSD a kwashe mata Windows ba tare da an rasa fayil ko ɗaya ba.